Ra'ayi Riga: Daga Wasiƙar Gidan Rediyo Zuwa Wayar Hannu

(Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan ƙungiya ya gabatar a taron shekara-shekara na tsofaffin ɗalibai)



Shugaban taro, ranka ya daɗe. Shugaban ƙungiyarmu da 'yan kwamitinsa. Shugaban makaranta mai ci yanzu. Iyayenmu malamai, waɗanda suka koyar da mu da waɗanda suka gaje su. 'Yan uwana tsofaffin ɗalibai, manya da ƙanana, ina yi wa kowa barka da zuwa, da fatan Allah Ya mai da kowa gidansa lafiya.

Lokacin da sakataren ƙungiya ya aiko mini cewa ni zan yi jawabi a bana, sai da gabana ya faɗi, domin kuwa tsayuwa gaban malaman da suka san makin da mutum ya ci a jarrabawar aji uku ba ƙaramin abu ba ne. To amma tunda an ɗora mini, sai na ce bari in je gida Gammo in kwana biyu, ko Allah Ya sa in samo abin faɗa. Ban kuwa sha wahalar nema ba. A majalisar ƙofar gidanmu, tsakanin magariba da isha'i, na ji an tattauna batun wayar hannu, da zaɓe, da tsadar taki, da kayan lefe, kowa da inda ya sa gaba. A nan na tsai da shawara cewa a kan ra'ayin jama'a zan yi magana: yadda muke bayyana shi a da, da yadda muke yi yanzu, da kuma nauyin da ya hau kanmu mu da aka sa a makaranta.

Waiwaye adon tafiya. Waɗanda muka zauna a waɗannan azuzuwa a farkon shekarun 1980 za su tuna da allon nan na bakin ɗakin karatu, inda ake liƙa Gaskiya Ta Fi Kwabo, wani lokaci da Albishir ta kamfanin Triumph na Kano. Jaridar kan iso mana bayan kwana uku ko huɗu da fitowarta, amma duk da haka sai an yi turereniya kafin a karanta. Ita Gaskiya tun watan Janairu na 1939 ta fara fitowa a Zariya, da Malam Abubakar Imam a matsayin edita, kuma tun farkon tafiya ta ba wasiƙun masu karatu fili. Manomi ko ɗan kasuwa ko malamin makaranta zai rubuta kukansa game da hanya, ko rijiya, ko haraji, a buga da sunansa da na garinsu, duk ƙasar Arewa ta karanta.

Haka abin yake a rediyo. Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shirye-shirye ranar 13 ga Maris, 1957, Rediyon Kaduna ya biyo baya a 1962, Muryar Jamus da Muryar Amurka su ma suka buɗe nasu sassan. Wa zai manta da Amsoshin Takardunku, ko Jakar Magori, ko 'yan Zaɓi Sonka da suka haddace sunayen juna alhali ba su taɓa haɗuwa ba? Ina iya tunawa a gindin rediyon wani ɗan ajinmu muka ji rasuwar Malam Aminu Kano ranar 17 ga Afrilu, 1983, ɗakin kwana ya yi tsit kamar ruwa ya cinye mu.

Abin da nake so mu lura da shi shi ne irin wahalar da mutum kan sha kafin ra'ayinsa ya fita. In na je hutu Gammo, ni ne magatakardan unguwarmu. Dattijo zai kira ni ya ce, "Kai ɗan makaranta, zo ka rubuta mini takarda zuwa gidan rediyo." Zai faɗa, in rubuta, in karanta masa, ya ce a cire wannan kalma ta yi zafi, a ƙara waccan. Takardar za ta kwana a ƙarƙashin matashinsa. Da safe sau da yawa sai ya sake kirana ya ce a yaga, ya huce. In kuwa ya dage, sai an nemi ambulan, an nemi mai zuwa Gwarzo ya sayi kan sarki ya jefa a gidan waya, sannan a zauna jiran mako uku ko wata guda. A ƙarshen takardar kuma dole a sa suna da gari. Wato kafin magana ta isa kunnen jama'a ta bi ta hannun mai rubutu, ta kwana, an biya mata kuɗi, edita ya tace ta, mai ita kuma ya san in ƙarya ya yi, gobe a masallaci za a dube shi.

Kada a ɗauka ina cewa zamanin da ya fi na yanzu ta kowace fuska. Wannan tsari ya bar mutane da yawa a baya. Wanda ba shi da mai rubuta masa ba shi da baki. Iyayenmu mata kuwa, in ban da gaisuwa, da wuya ka ji an karanto takardarsu. Kuma a zamanin mulkin soja akwai maganganun da edita ba ya iya bari su fita ko da gaskiya ne. Duk wanda ya ga yadda aka soke zaɓen 12 ga Yuni, 1993, wanda Abiola da Bashir Tofa suka kara, ya san yadda jama'a suka koma kama tashoshin waje da dare don su ji abin da ke faruwa a ƙasarsu.

Sai Allah Ya kawo canji. A watan Agusta na 2001 kamfanonin Econet da MTN suka fara aikin wayar salula, a lokacin da layukan tarho na ƙasar nan gaba ɗaya ba su kai rabin miliyan ba. Layi ɗaya sai da ya kai naira dubu 20 ko fiye, kira kuma naira 50 a minti, har zuwa 2003 da Glo ya zo da lissafin daƙiƙa, farashi ya fara sauka. A ƙarshen wannan shekara ta 2003 aka buɗe gidan rediyon Freedom a Kano, mai zaman kansa, talaka ya samu inda zai buga waya ya faɗi albarkacin bakinsa kai tsaye. Daga baya Facebook da WhatsApp da TikTok suka shigo. Yau yaron da ke kiwon awaki a bayan gari yana iya yin magana a ji shi a Jidda kafin awakin su koma gida. Babu kan sarki, babu edita, babu kwanan takarda, sau da yawa ma babu suna.

To, me na ji a majalisar tamu ta Gammo? Bari in kawo muku kaɗan, kamar yadda aka faɗa.

Wani manomi, sa'an mahaifina, ya ce shi dai ba zai zagi waya ba. A da, in ya kai masara ko waken suya kasuwa, abin da dillali ya faɗa shi ne farashi. Yanzu kafin ya ɗaure buhu sai ya kira ɗan ƙanensa a kasuwar Dawanau ya ji yadda aka wayi gari. Wani dattijo kuma ya ce shi abin da ya gani waya ta yi shi ne ta kashe zumunci: a da in aka yi rasuwa a Garo ko Getso, mutum zai hau keke ya je ya zauna a yi addu'a da shi, yanzu sai a turo rubutu layi biyu a ce an yi ta'aziyya.

Wani saurayi mai sana'ar POS da cajin waya ya ce da wannan 'yar na'ura ya yi aure, da ita yake ciyar da gidansa. Nan take wani ya taso masa da zancen canjin kuɗi. Kun dai tuna Babban Banki ya fito da sababbin takardun naira 200 da 500 da 1,000 a watan Disamba na 2022, aka sa wa'adin daina karɓar tsofaffi, sababbin kuma suka yi ƙaranci, har sai da Kotun Ƙoli ta shiga tsakani a watan Maris na 2023. Mutumin ya ce a waɗannan makonni ya sayar da tunkiya da asara saboda mai tsabar kuɗi shi ke yanka farashi, kuma da kuɗi ya sayi kuɗinsa a hannun masu POS. Ya ce wanda ya tsara abin a Abuja bai taɓa tsayawa a kasuwar ƙauye inda sabis ke ɗaukewa ba.

Da aka gangaro siyasa, wani ya yaba wa na'urar BVAS da aka yi aiki da ita a zaɓen 2023, ya ce ta rage masu dangwala ƙuri'a da katin wani. Wani ya ce na'ura tana tantance yatsa da fuska, amma ba ta ganin taliya da sabulun da aka raba da dare. Game da cire tallafin mai da aka sanar ranar 29 ga Mayu, 2023, wanda ya ɗaga lita daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, ɗan acaɓan da ke wurin bai yi dogon bayani ba. Lissafi ya yi mana na abin da yake sha a rana da abin da yake kai wa gida, kowa ya yi shiru. A cikin gida kuma ƙanwata, wadda malamar firamare ce, ta ce hotunan biki da ake yaɗawa sun sa gasar lefe ta kai inda talaka ba ya iya aurar da 'yarsa cikin kwanciyar hankali, amma ta amsa cewa ita ma ta waya take tallar turaren wuta da take haɗawa.

Jama'a, duk waɗannan ra'ayoyi ne masu daraja ko da sun saɓa wa juna, domin kowane ɗaya daga abin da mai shi ya gani da idonsa ya fito. Hukuma mai hankali kamata ya yi ta biya kuɗi don ta ji irinsu. Amma a wannan zama dai wani ya rantse cewa turakun 5G ne suka kawo cutar korona a 2020. Na tambaye shi inda ya samu, ya ce an turo masa. Wa ya turo? Wani. Shi kuma wa ya faɗa masa? An ce wani babban likita ne a Turai. Sunansa fa? Babu. Ga shi kuwa cutar ta shiga ƙasashe da garuruwan da ba su taɓa ganin irin wannan turke ba. Wannan ba ra'ayi ba ne, "an ce" ne ya sa rigar ra'ayi, kuma shi ne abin da nake jin tsoro.

"An ce" ya taɓa jawo mana asara babba a jihar nan. A 2003 magana ta yaɗu cewa allurar rigakafin shan inna tana hana haihuwa, aka dakatar da ita a Kano kusan shekara guda, sai a watan Yuli na 2004 aka ci gaba, bayan an kawo maganin daga Indunusiya. A tsakanin nan da bayansa cutar ta bazu daga Nijeriya zuwa ƙasashe kusan 20, yaran da ba su ji ba ba su gani ba suka nakasa. Adalci ne a faɗa cewa tsoron jama'a yana da tushe, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mutanen Kano ba su manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, inda aka sa yara kimanin 200 a gwajin, 11 suka rasu, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin jiha a 2009. Amma gaskiyar wancan ba ta mai da wannan gaskiya ba. Sai a watan Agusta na 2020 aka tabbatar an raba nahiyar Afirka da ƙwayar cutar ta asali, bayan shekaru na wahalar bi gida gida. A 2004 ɗin nan dai aka yi ta yaɗa cewa akwai lambobin waya da in ka amsa kiransu za ka faɗi ka mutu, mutane suka riƙa jefar da waya in ta yi ƙara.

Yanzu bari in tona wa kaina asiri a gaban malamaina, domin da wannan ne na cancanci yin jawabin nan. A farkon watan Agusta na 2014, bayan da cutar Ebola ta shigo Legas, wayata ta tashe ni kafin asuba. Saƙo ne daga wani abokin aiki da nake ganin girmansa, cewa kowa ya yi wanka da ruwan zafi da gishiri, ya kuma sha, kafin gari ya waye. Ban tambayi kowa ba. Ina Kano a lokacin, na kira ƙanena a Gammo na ce maza ya tashi mutanen gida, ya tabbata Inna ta sha. Na manta, ko in ce tsoro ya mantar da ni, cewa tsohuwar tana fama da hawan jini. Kafin hantsi ta fara amai da jiri, aka ɗauke ta a babur zuwa bakin titi, daga nan aka sa ta a mota zuwa asibiti. Kwana biyu ta yi a kwance. Ma'aikaciyar jinya ta tambayi ƙanena wanda ya ce a ba mai hawan jini gishiri, ya sunkuyar da kai ya ce, "Yayanmu ne, shi ne ya yi karatu a gidanmu."

Da ta farfaɗo na durƙusa ina ba ta haƙuri, sai ta ce, "Kai ɗan nan, ai da wani ne ya faɗa da ban sha ba. Da aka ce kai ne, na ce to ya sani." Allah Ya yi mata sauran kwana, amma a wasu wurare an rasa rayuka saboda wannan gishiri. Ita kuwa Ebola mutum 8 ta kashe a ƙasar nan cikin 20 da suka kamu, a Legas da Fatakwal, ba ta ko iso Kano ba, kuma ranar 20 ga Oktoba na shekarar aka bayyana cewa an rabu da ita.

Wannan magana ta Inna ita ce zuciyar abin da na zo da shi. 'Yan uwa, a garuruwanmu na Kabo da Gwarzo har yanzu maganar wanda ya yi sakandare tana da nauyi. Mu ne muka zama editocin da babu su yanzu, ko mun so ko mun ƙi. In jahili ya tura ƙarya, ƙarya ce ta jahili, ana iya yin shakka. In ɗayanmu ya tura, ya buga mata hatimi. A cikinmu akwai likita, akwai lauya, akwai malamin gona, akwai kansila, akwai limami, kuma duk abin da ya fito daga wayarmu da sunanmu yake isa ƙauye, ko da ba mu muka ƙirƙira ba. Abin ma ƙara wuya yake yi, domin yanzu da ƙirƙirarriyar basira ana iya kwaikwayon muryar mutum da fuskarsa, a sa shi ya faɗi abin da bai taɓa faɗa ba. Da muna cewa gani ya kori ji, yanzu shi kansa ganin sai an bincika.

A fagen siyasa ma haka ne. Ƙasar Kano ba baƙuwar zazzafar muhawara ba ce. Tun kafa NEPU a 1950 iyayenmu suke faɗin ra'ayinsu a gaban masu iko, wasu suka sha ɗauri a kai. Mu kanmu a nan makaranta mun rabu santsi da taɓo lokacin rikicin PRP, har a layin abinci ana musu. Amma wancan mutumin a fili yake tsayawa, da sunansa, ya ɗauki abin da zai biyo baya. Abin da ya yi yawa yanzu shi ne sojojin baka da ake biya su ci mutuncin wani, da masu ɓoye suna su zagi sa'an ubansu. Na ga 'yan ajinmu biyu da suka kwana gado sama da ƙasa shekara biyar sun daina gaisawa saboda 'yan takarar da ba su san da zamansu ba, su kuwa 'yan takarar sun shirya, har suna cin abinci tare.

Saboda haka ina roƙon ƙungiya ta duba abubuwa kaɗan. Na farko, mu ɗaukar wa kanmu alkawari cewa duk labarin da ya shafi lafiya, ko tsaro, ko mutuncin wani, ba za mu tura ba sai mun san wanda ya faɗa da inda ya samu. In magani ne, muna da likitoci a cikinmu, kira ɗaya ya isa. In saƙo ya ce "tura wa mutum goma yanzu yanzu", wannan gaggawar ita ce alamar farko ta rashin gaskiya. A bar shi ya kwana, kamar yadda takardar dattawanmu ke kwana a ƙarƙashin matashi. Addininmu ma ya riga kowa, domin aya ta 6 a Suratul Hujurati umarni ce da bincika labari kafin a yi aiki da shi, don gudun cutar da wasu a zo ana nadama.

Na biyu, in mun tura abu ya zamana ƙarya ne, mu koma inda muka tura mu ce mun yi kuskure. Ni sai da na kira gida bakwai bayan maganar gishiri, kuma ban ga abin da ya rage mini ba.

Na uku, ina ba da shawara a ware wani abu daga kuɗin ƙungiya a farfaɗo da ƙungiyar muhawara da ta 'yan jarida a wannan makaranta, a gyara allon bakin ɗakin karatu, yara su riƙa rubuta ra'ayinsu da sunansu da ajinsu. Malaminmu na Hausa, wanda nake hange a layin gaba, Allah Ya ƙara masa lafiya, yakan ba mutum ɓangaren da bai yarda da shi ba ya ce ya kare. A lokacin muna ganin mugunta ce. Daga baya muka gane yana koya mana mu san hujjar abokin hamayya kafin mu buɗe baki. Ni na ɗauki nauyin kyautar zangon farko, da kuɗin jaridar Hausa ta mako mako na shekara guda.

Ba na kira a yi shiru. Manomin nan da ɗan acaɓan nan da malamar nan suna da abin faɗa, kuma alheri ne babba da suka samu hanyar faɗa ba tare da jiran magatakarda ba. Ra'ayi riga ne, kowa da irin tasa, amma riga a jikin mai ita ake ganinta, kuma shi ke wanke ta in ta yi datti.

Ranka ya daɗe shugaban taro, na ga kana duban agogo, kuma ƙamshin abinci ya fara isowa. Iyayenmu malamai, abin da na faɗa daidai daga tarbiyyarku ne, inda na yi kuskure nawa ne, a gyara mini kamar yadda aka saba, amma don Allah ban da jan biro. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya daga malamai da ɗalibai, Ya albarkaci wannan makaranta da garuruwanmu, Ya sa mu ga taron baɗi lafiya.